Injin Bube Ya Ɓace Ranar Suna

Ranar da aka raɗa wa ɗiyar Bube suna, ranar aka sauke masa injin jirgi. Duk mutanen kwata, wato inda masunta ke ɗaure jiragensu a bakin dam ɗin Goronyo, sun taru a ƙofar gidansa tun da sassafe, ana rabon goro ana tsokanarsa wai ya zama uban mata. Sai da hantsi ya ɗaga ya gangara bakin ruwa da masa a hannu, ya tarar da gindin jirginsa wayam, ba inji ba tankin mai. Ya duba, ya sake dubawa, har ya leƙa cikin ruwa kamar injin zai iya sauka wanka.

Ba ƙaramin abu ya ɓace ba. Inji ne mai doki goma sha biyar, mai gajeriyar ƙafa. Lokacin sayensa, Sa'adu makanike ne ya auna gindin jirgin da tafin hannu, ya raka Bube Sakkwato, ya hana shi ɗaukar wani ƙato mai ƙyalli da zai nutsar masa da baya. Tun daga nan kullum yamma Bube kan saɓa injin a kafaɗa ya kai shi zaure ya jingina shi a tsaye. Matarsa ma cewa take shi yake fara gaisarwa kafin ita. Daren jajiberin suna kaɗai hidimar rago ta sa ya bar shi a jirgi.

Mutanenmu akwai son juna, amma in abu ya ɓace, a kan baƙo idonsu yake fara sauka. Sa'adu ɗan Rimawa ne, ba a kwata aka haife shi ba. Ya san kowane noti na injin nan. Kuma ya zo wurin suna a makare, hannunsa duk baƙin mai. Kafin azahar, waɗanda suka ci masa a kwano ɗaya da shi sun bi layi sun kwashe injinansu daga rumfarsa, wasu ko haɗa su bai gama ba.

Sarkin Ruwa Abdulƙadiri ya yanke magana: in ranar kasuwa ta zo inji bai fito ba, Sa'adu ya kwance rumfarsa ya bar kwata. Sai dai shi kansa zuciyarsa ba ta kwanta da hukuncin ba, don haka ya aika yaronsa Gandi a kira Maccido mai bin sawu.

*

A bayan babur Maccido ya iso, dogo siriri, da malafa da sanda. Aikinsa bin sawun shanu da raƙuma, kuma ana cewa in akuya ta bi ta kan dutse sai ya faɗi ko tana da ciki. Wannan dai ƙari ne irin na masoya. Abin da ba ƙari ba shi ne mutumin nan yana tsoron ruwa kamar kyanwa.

Ya tsaya nesa da gaɓa ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a.

"Kun kira ni bin sawu, kun tattake sawun awa masu sussuka," in ji shi. "Mutum nawa sunka zo kallon wurin ga?"

"Dut garin," in ji Sarkin Ruwa.

"Madalla. To dut garin ka biya na."

Aka yi dariya, har Bube, wanda rabonsa da ita tun ranar suna. Aka ce Maccido ya shiga jirgi ya duba. Ya ce shi da jirgi sai dai gaisuwa, a jawo masa shi tudu. Da aka jawo, ya durƙusa a gindinsa. Injin jirgi da kunnuwa biyu ake ɗaure shi a katako, a murɗa da hannu. Gurbin ɗaya lafiya lau. Gurbin ɗayan kuwa katakon ya tsage, alamar ba a gama kwance shi ba aka fizge.

"Sauri na irin na ɓarawo," in ji Bube.

Maccido ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa.

A gindin wata bishiyar bedi wani dattijo yana zaune ya zabga tagumi. Kawu Mode ke nan, yayan mahaifiyar Bube, manomin albasa a fadama, mutumin da ba a rasa shi da labari da dariya. Yau kam ko goro bai ɓare ba.

"Ni dai na ce a bar yaron ga Sa'adu," in ji shi. "Ba shi na ba."

"Kawu, kai kowa na kirki na gare ka," in ji Bube.

Dattijon ya sunkuyar da kai.

*

Wani ya raɗa wa Bube cewa an ga Zaharadeen da inji mai sabon fenti. Zaharadeen shi ne abokin hamayyarsa wajen ɗaukar fasinja zuwa ƙetare, kuma sun daɗe suna tseren da ba wanda ya sa su. Bube ya ja Maccido har can, yana tafe yana rantsuwa.

"Shi na! Ko cikin duhu na san shi!"

Zaharadeen ya ajiye komar da yake ɗinki, ya tashi a hankali.

"Bube, ka yi suna ka ƙoshi, shi as sa kaka magana haka. Taho ka auna."

Ya kama hannun Bube ya ɗora a ƙafar injin, daga maɗauri zuwa farfela. Bube ya auna da tafi, ya sake aunawa. Ƙafar ta fi ta injinsa tsawo nesa ba kusa ba, don jirgin Zaharadeen mai dogon gindi ne. Sannan ya nuna masa ƙaramin farantin lamba da ke manne a jikin maɗauri, wanda bai shafa wa fenti ba.

"Fenti kowa na iya sauya shi," in ji Zaharadeen. "Ƙahwa hwa? Ko ka ji an ce inji na ƙara tsawo in ya sauya ubangida?"

Bube ya sosa ƙeya ya ce ai shi ma bai ce lalle-lalle ba. Maccido ya ce shi dai ya ƙaru, yau ya san inji ma yana da dogo da gajere kamar mutane.

*

Rumfar Sa'adu ba kowa sai shi da wani duro cike da ruwa. Yana zaune yana goge sifanun da ba su da datti. Saurayi ne mai fara'a a da, amma yanzu idonsa ya faɗa.

"Ina kat tahi da sahen suna?" in ji Maccido.

"Injin niƙa nig gyara, can bayan gari, Baba. Mai shi ya yi tahiya, ba mai shaida ta."

"To ka iya zaɓen rana."

Sa'adu ya yi murmushin dole. Ya ce rumfa ba ta dame shi ba kamar sunan. Rumfa ko'ina ana kafawa, amma makaniken da aka kora kan sata, wa zai sake ba shi ko fulogi ya riƙe? Maccido ya ji abin har cikin ransa. Don ya sauya magana sai ya buga duron da sanda.

"Wanga hwa? Wanka kaka yi bakin aiki?"

Nan take fuskar Sa'adu ta canza. Masu sana'a haka suke, ko ana makoki ka taɓo aikinsu sai baki ya buɗe. Ya ce a ciki yake tsoma ƙafar inji kafin ya tada shi. Injin jirgi ta ƙafa yake shan ruwa, wata 'yar roba mai fukafukai ce ke juyawa tana tura ruwan sama ya sanyaya kai, sannan ya tsarto ta baya siriri.

"Shi muka ce ma hitsari, Baba. In inji na hitsari, lahiya lau shike. In ya daina, kashe shi maza."

"In anka tada shi ba ruwa hwa?"

"A tudu?" Sa'adu ya riƙe baki. "Roba ta ƙone nan take, kai ya ɗau zahi. Kuma hayaƙinai ƙarƙashin ruwa shika hita, shi as sa ba shi da ƙara. A tudu an ce sai ka toshe kunne. Ni ban taɓa ji ba. Ba wani ɗan kwata da ya taɓa ji, wa zai yi wanga ganganci?"

*

Maccido ya fito yana jin yunwa, ya tare Hauwa'u mai fura, wadda ke ratsa fadama kullum safe da ƙwarya a ka. Tana dama masa tana ba shi labarin duniya: wanda ya saki mata, wanda ya sayi sa, wanda albasarsa ta yi kyau.

"Ranar sunan ga ba ki gamu da kowa ba bisa hanya?"

"Ko tsuntsu, Malam. Sai dai wani ɗan acaɓa maras tarbiyya da yat tsinka min zuciya. Can wajen tabkin da ruwa yab bari, ya tada babur shina ihu awa ana yanka shi. Sai da nir riƙe ƙwarya da hannu biyu."

"Kin gane shi?"

"Ina! Ciyawa ta kare. Ihun ma bai daɗe ba yam mutu."

Maccido ya ajiye ludayi. Ya san wajen, ya gan shi daga kan babur da zai shigo gari. Laka ce da fangalin albasa, ba hanyar da babur zai bi. Ya shanye furar a tsaye, ya ce mata Allah ya ƙara kasuwa, ya ɗauki sandarsa.

*

Da ya bar tattakin mutanen kwata, ƙasa ta fara yi masa magana. Ga sawun jaki mai nauyi a baya. Ga wani siririn zane a hagunsa, inda wutsiyar ƙarfe ta riƙa jan ƙasa. Ga takalmin taya a dama, na mutum mai tafe yana tallafe da kaya.

Sawun ya kai shi bakin tabki. An haƙa sabon lambatu daga ruwan zuwa wasu fangali da dashensu ya yi yaushi, kusa da su ga injin ban-ruwa an buɗe cikinsa an bar shi. A busasshiyar ƙasa an kafa turaku biyu an ɗaura katako, ƙasan katakon duk ɗigon baƙin mai.

Sai Maccido ya karanta sauran. Ƙafa biyu an ware su, dugadugai sun nutse, tsayuwar mai jan igiya. Daga nan dugadugan sun ja da baya. Daga nan, ba ƙafa, sai gurbin mazaunai shimfiɗe a ƙasa. Sannan yatsu kawai, taku mai nisa-nisa, sun yi gabas, jaki kuma ya yi yamma.

Maccido ya yi dariya shi kaɗai har sai da ya zauna. Shekarunsa yana bin ɓarayi, bai taɓa ganin wanda abin da ya ɗauka ya kora ba.

Takun ya dawo, wannan karon gajere-gajere, na mai jin kunya. Ya bi shi har wani rudu, irin rumbun kara da ake ajiye albasa. Ya leƙa, ya ga fiffiken farfela yana leƙo shi daga ƙarƙashin zana. Bai taɓa ba. Rudu ba shi da ƙofa balle kwaɗo, in ya fito da injin yanzu cewa za a yi Sa'adu ne ya ɓoye shi a nan. Yana son mai abin ya faɗa da bakinsa.

*

Da la'asar aka taru a kwata. Maccido ya sa an kira Sa'adu da Zaharadeen, da manoman da gonakinsu suka yi iyaka da tabki, har da Kawu Mode. Ya roƙi Zaharadeen aron injinsa, aka ɗaure shi a jikin wani benci, a tudu, nesa da ruwa.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Sarkin Ruwa, "ni mutumin daji na. In ban ji kukan dabba ba, ba ni iya bin ta. Bari in ji na wanga."

Ya ware ƙafa ya kama igiya.

Kwata ta ɗauka. "Roba! Za ka ƙone roba!" Zaharadeen ya yi tsalle ɗaya ya riƙe masa hannu. Sa'adu, wanda ake shirin kora, har ya ruga zai mirgino duro. Duk ɗan ruwan da ke wurin ya miƙo hannu yana hanawa.

Maccido kuwa ba su yake kallo ba. Manoma yake kallo. Duk sun miƙa wuya suna jira su ga yadda abin ke tashi, don a wurinsu inji a tudu ake gwada shi. Mutum ɗaya ne kaɗai ya koma bayan bedi, ya runtse ido, ya cusa yatsu cikin kunnuwansa biyu.

Maccido ya saki igiya, ya taka har gindin bishiyar, ya jira. Dattijon ya buɗe ido ɗaya.

"Kawu Mode," in ji Maccido a hankali, "ban ja ba tukuna."

Dattijon ya sauke hannuwansa. Ya dubi Bube, ya dubi Sa'adu, sai ya zauna a ƙasa.

"Shina cikin ruduna," ya ce. "Wallahi ba sata niy yi ba."

Ya ce injin ban-ruwansa ne ya mutu, dashe na ƙonewa a gabansa. A fadama kuwa kowa ya sani, in naka ya tsaya ka ga na maƙwabci ba ya aiki, ɗauka kake yi ka mayar da tanki cike, ba a ko tambaya. Balle na ɗan ƙanwarsa. Ya daɗe yana kallon yadda farfelar nan ke tura ruwa bayan jirgi, ya ce in ya kafa ta a bakin lambatu ai kafin a gama cin masa ta cika masa fangali. Da aka shafa fatiha sai ya sulale da jakinsa.

"To nic ce in gwada shi tukuna, yadda muka gwada namu. Ja ɗaya niy yi." Ya girgiza kai. "Jama'a, abin ga ba inji na ba. Ya yi ihu, ya yi hayaƙi, yam mutu. Kahin in dawo hayyacina, na ji ana ta ɓarawo, ɓarawo. Ga shi na kashe ma yaro inji ranar sunan ɗiyatai. Sai bakina yaƙ ƙi buɗewa."

Zaharadeen ne ya fara fashewa, sannan kowa. Bube ya rasa ko ya yi kuka ko dariya, sai ya yi duka biyun, yana cewa, "Kawu, da ka tambaye ni! Kawu, albasa da farfela?"

Sa'adu kaɗai bai yi dariya ba.

*

Aka ɗauko injin a kan wannan jakin dai, yana tafe yana harararsa. Sa'adu ya kwance ƙafar a gaban jama'a, ya ciro robar ta narke kamar ƙanzo, ya ɗaga kowa ya gani. Ya sa sabuwa, ya cire fulogi ya duba, ya juya kan da hannu ya saurara. Ya ce an yi sa'a, ya mutu kafin ya cinye kansa. Ya gauraya fetur da baƙin mai daidai, ya tsoma ƙafar a duro, ya ja.

Injin ya yi tari, ya kama. Ba wanda ya dubi hayaƙi, duk ido na baya ana jira. Sai ga ruwa siriri ya tsarto.

"Ya yi hitsari!" in ji Bube da ƙarfi, hannu sama. Mata masu suyar kifi suka rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari irin wannan murna ba, ko na jariri.

Da hayaniya ta lafa, Sarkin Ruwa ya miƙe ya ce an zalunci Sa'adu, kuma shi ne ya fara, rumfa tana nan daram. Ya tambaye shi abin da yake so a yi masa.

Sa'adu ya goge hannunsa, ya ɗago.

"Ranka shi daɗe, maganar ga ta riga ni isa Rimawa. An hwaɗa ma innata ɗanta ɓarawo na. Yadda anka hwaɗe ta da ƙarhi, haka nika so a warware ta da ƙarhi."

Kafin Sarkin Ruwa ya amsa, Kawu Mode ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ni nik ƙulla, ni ka kwancewa. Ɗana, ka gahwarta min. Ba ni aiken kowa."

Sa'adu ya ce, "Na yahe, Kawu. In ka dawo ka kawo injin ban-ruwan ga in duba, kahin ka ɗauki na jirgin sama."

*

Washegari da safe Maccido ya ce hanyarsa ta gida ta Rimawa ta bi, ko da yake kowa ya san ba ta nan ta bi ba. Ya raka dattijon har ƙofar gidan su Sa'adu, ya koma gefe ya dogara da sanda. Kawu Mode ya gyara hula, ya yi sallama, ya ɗaga murya.

"Ni na Mode, manomin albasa! Ni niɗ ɗauki injin Bube! Sa'adu bai ɗauka ba, yaron kirki na!"

Aka daɗe kafin labulen zaure ya motsa. Wata 'yar tsohuwa ta fito, idanunta sun kumbura, da alama ta kwana biyu ba ta leƙo waje ba. Ta dubi dattijon sama da ƙasa. Ta dubi gidan dama, ta dubi na hagu, inda kawuna suka fara leƙowa ta kan katanga. Sannan ta gyara mayafi, ta tsaya sosai a bakin ƙofarta.

"Ni na san abin da nih haihwa, Malam," in ji ta. "Amma ƙara hwaɗi. Na bayan gida ba su ji ba."